Kafin ki koma Mastodon, ki san waye mai gidan

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Sau biyu ana rufe min shafi a wani babban dandali ba gaira ba dalili. Ɗana ya ce in koma Mastodon, wai can ba mai iko da kowa. Sirrin cinikina zai tsira? Daga wata Hajiya a Fagge.

Amsa: Hajiya, akwai masu iko, yawa ne da su kawai. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fito da shi a Jamus a 2016, tamkar unguwa ce mai dubban gidajen haya. Kowane gida, wato saba, kwamfutar da za ta riƙe asusunki, da mai shi da dokokinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne saƙon sirri. Ba a kulle yake ba irin na WhatsApp ko Signal. Mai sabarki zai iya karantawa, haka mai sabar wadda kika tura wa. Kuma in kika sa @ a gaban sunan wata a tsakiyar saƙon, ko da maganar bashin da kike binta kuke yi, ita ma ya isa gare ta. Don haka lambar asusun banki, rasit da adireshin kwastoma kada su bi ta can. A 2023 jami'an FBI a Amurka sun tafi da kwamfutar wani mai kula da wata sabar Mastodon mai suna Kolektiva, alhali akwai kwafin bayanan mambobi a ciki ba a kulle ba.

In dai za ki shiga, ki zaɓi saba daga jerin joinmastodon.org. Waɗannan sun yi alƙawarin ajiye kwafin bayanai kullum, da ba da sanarwar wata 3 kafin su rufe. Wannan sanarwa ki ɗauke ta da muhimmanci, domin ƙaura ba ta yiwuwa sai tsohuwar sabar na aiki. Mabiyanki za su bi ki sabon gida, amma hotunan kaya da rubutunki can za su tsaya.

Mu dai shawararmu: talla a Mastodon, ciniki a WhatsApp, inda dama kwastomominki suke.

Tambaya: Wani ya sa ni gaba da zagi da Hausa a Bluesky. In toshe shi? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Malam, ka sani cewa a Bluesky jerin waɗanda ka toshe a fili yake, duk mai nema zai gani. In ba ka son ya gane, danna masa "mute" kawai don ka daina ganin rubutunsa, wannan a ɓoye yake. Amma in zagin ya kai ga barazana, fara ɗaukar hoton allo da kwanan wata, sannan ka kai ƙara ga masu kula da Bluesky ka toshe. A cikin ƙarar ka fassara kalamansa da Turanci, ka faɗi nauyinsu a al'adarmu, don ba lalle mai dubawa yana jin Hausa ba.