Ƙirge ɗaya muka yi, me ya sa hularki ta matse?

Miƙo hular nan in gani, 'yata, ki jawo kujera. Kin ce ido 48 na yi, wato ƙullin saƙa 48, ke ma 48 kika yi, zare ɗaya, kwarashi ɗaya, amma tawa ta zauna a kan jariri, taki kuwa sai dai a sa wa 'yar tsana. Har kina cewa, "Gwaggo, ko akwai wani abu da kika rage ba ki nuna min ba?" Ban rage miki komai ba. Ƙirgenki daidai ne, na bi shi layi-layi. Bambancin yana hannunki.

Taɓa tawa, ki taɓa taki. Tawa in kin ja ta za ta buɗe, in kin saki ta koma. Taki ta yi tauri kamar faifai. Yanzu nuna min ɗan yatsanki na hagu, manuni. Kin ga wannan layin da zare ya kwanta miki a fata? Shi ne shaida. Kina shaƙe zaren ne saboda tsoron kada ido ya suɓuce, kuma kusan duk mai koyo haka take farawa. Jiya ina daga can ina jin zaren yana kuka a jikin ƙarfen kwarashinki, ƙiiƙ-ƙiiƙ, duk lokacin da za ki zura shi sai kin cije leɓe. Saƙar da ta yi daidai ba a kokawa da ita.

Ɗauko tef ɗin awo mu gwada, kada ki ce zance ne kawai. Ɗora a kan tawa, ki ƙirga idon da ke cikin santimita 10. Ido 15, ko? To ɗora a kan taki. Ido 18. Ido uku ne kacal bambancin, amma ki zagaya kai da shi ki gani: 48 ɗina ya ba ni santimita 32, naki bai cika 27 ba. Kan jariri sabon haihuwa kuwa yana kai santimita 34 zuwa 35 a kewaye. Ana rage wa hula kamar santimita biyu don ta kama kai, tunda saƙa tana buɗewa. Biyu fa na ce, ba bakwai ba.

Yanzu dubi kwarashin da kyau. Daga baki akwai ƙugiya, bayanta akwai wuya siriri, sannan jiki ya yi kauri ya miƙe sumul har zuwa inda kike riƙewa. Lambar da aka rubuta a jikinsa, 4 ɗin nan, milimita ce, kuma kaurin wannan miƙaƙƙen jikin ake nufi, ba wuyan ba. Ke kuwa duk idonki a kan wuya kike ƙulla shi, ki ja ya matse a nan inda ya fi siranta. Kin ga kenan kwarashi mai lamba 4 ne a hannunki, amma aikin mai lamba 3 kike yi. Duk idon da kika ɗauko, ki tura shi ya hau jikin tukuna, ya ɗauki girmansa, sannan ki dawo da shi ki zare. Wannan kaɗai zai gyara rabin matsalar.

Ragowar rabin kuma riƙon zare ne. Zagaya shi sau ɗaya a ƙaramin yatsa, ki wuce da shi ta ƙarƙashin na tsakiya biyun, ya hau bayan manuni. Babban yatsa da na tsakiya su ke riƙe saƙar, dab da inda kwarashi ke aiki. Manuni ki ɗan ɗaga shi, shi ne mai ba da zare. In kin ga ya matse ki sauke shi kaɗan, in ya yi sako-sako ki ɗaga. Kada ki naɗa zaren sau uku a yatsa kamar yadda na ga kina yi. Sauke kafaɗarki ma, kin ɗage ta har kunne. A yau ba zai zauna miki ba, gobe ma da wuya, sai hannu ya faɗa.

Akwai kuma wanda hannunsa haka Allah ya yi shi, ko ya ƙware yana ɗan matsewa, wani kuma yana saki. Wannan ba aibi ba ne, shi ya sa aka yi kwarashi lamba-lamba. In bayan kin saba har yanzu 18 kike samu, sai ki bar 4 ki ɗauki 4.5 ko 5. Ko ki tsaya a kan 4 ɗin ki ƙara zagaye ɗaya a saman hular. Kin tuna yadda muke fara ta: 12 a cikin zobe, sai 24, sai 36, sai 48, kowane zagaye ana ƙara 12. Ke sai ki kai 60. Abin da za ki sa wa ido shi ne faɗin wannan da'irar ta sama, ya kai kamar santimita 10 kafin ki daina ƙari ki fara gangarowa. In ta fara zama ƙoƙo tun ba ta kai ba, ƙarin ya yi kaɗan ko kin matse. In gefenta ya yi ta lanƙwashewa ya ƙi kwanciya, ƙarin ya yi yawa. Ni dai canjin kwarashi na fi so, domin hular jariri laushi ake nema a gare ta, ƙara ido kuwa girma kawai zai ba ta, taurin yana nan.

Saboda haka daga yau, kafin ki taɓa aikin mutane, ki saƙa ɗan gwaji wanda ya ɗan wuce santimita 10 tsawo da faɗi, ki shimfiɗa shi ba tare da kin ja ba, ki auna a tsakiya. Na san 'yan koyo sun tsani wannan, gani suke ɓata zare ne. Ba a ɓata komai, warwarewa za ki yi ki sake amfani da shi. Wanda ya fi ciwo shi ne a ba ki kayan suna, riga da wando da hula da safa, kwana bakwai ne duka tsakanin haihuwa da suna, ranar shida ki gano wuyan rigar ba ya wuce kai.

Bidiyon da kike kallo a waya ban hana ki ba. Sai dai ki sani, ƙirgen da matar ke faɗa na hannunta ne da zarenta. Sannan masu koyarwa na Amurka da na Ingila suna kiran saƙa biyu daban da suna ɗaya: wadda ɗaya ke nufi gajera ce, ta ɗayar doguwa. Ki kalli sau nawa take naɗa zare a kwarashi kafin ta zura, wannan ba ya ruɗi.

Maganar saƙa da tsinke biyu da kike ɗoki, ki dakata. A kwarashi ido ɗaya ne a buɗe, in ya kuɓuce ki tsince shi. A tsinke kuwa layi guda ne gaba ɗaya a buɗe, ɗaya ya zame sai ya yi ta tsiyayewa ƙasa, kuma mai matse zare ba ta ma iya zura tsinken a layi na biyu. Za mu zo wurin kafin hunturu ya kankama, da yardar Allah, don suwaita ta fi kyau da laushi a tsinke, kuma ta fi rage cin zare.

Wannan baƙin zaren ma ajiye shi. Ba a koyo da baƙi ko mai gashi-gashi, ba za ki ga bakin ido ba, musamman da dare in an ɗauke wuta. Ɗauki ruwan madarar can. Kuma duk da muna ce masa ulu, yawancin wanda ke kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne. Kada ki kuskura ki ɗora masa dutsen guga mai zafi wai don ya buɗe, laushi zai yi ya mutu, ba ya dawowa, in zafin ya yi yawa ma ya narke.

Gobe in Allah ya kai mu ke zan aika Sabon Gari sayen zaren shawul. Ki karanta takardar da ke naɗe a jikin kowane ƙunshi. Akwai lambar kwarashin da ya dace da shi, akwai lambar launi, akwai kuma wata lamba ta rini. Ki tabbata ta rinin nan iri ɗaya ce a duka ƙunshin da za ki ɗauko, ko da mai shago ya rantse miki duk shuɗi ɗaya ne. A cikin shago duk iri ɗaya za ki gan su, sai an shanya shawul a rana ake ganin inda aka canja. Ki ƙaro ƙunshi ɗaya a kan abin da na lissafa miki, don in ya yanke mana a tsakiya ba lallai a sake samun irinsa ba.