Kwarangwal a akwatin gilashi

Tambaya: Malam, na ga hoton kwarangwal ɗin mutum a wani gidan tarihi. Ana neman izinin danginsa kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, a da ko sallama ba a yi musu. Ƙasusuwan Sarah Baartman, wata mace 'yar ƙabilar Khoikhoi ta Afirka ta Kudu, sun shekara da shekaru a baje a Paris, sai a 2002 Faransa ta mayar da su Afirka ta Kudu aka binne. A Amurka, dokar NAGPRA ta 1990 ta wajabta wa gidajen tarihi masu karɓar kuɗin gwamnati su mayar wa ƙabilun asali gawarwakin kakanninsu. Ni dai in na shiga, ɗan allon bayanin nake fara dubawa: wa ya rubuta shi, kuma "an samo" aka ce, ko "an kwashe"?