Tambaya da Amsa: Mene ne Lechon, kuma yaya Musulmi zai yi da shi a Filifin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, watana biyu ke nan a birnin Sebu na ƙasar Filifin, inda nake karatu. Abokan karatuna 'yan ƙasar sun shirya zagayawa da ni gidajen abinci uku ko huɗu don mu ɗanɗana wani abu da suke kira lechon, kowa yana cika bakin na garinsu ya fi. Da na ce ba na cin alade sai suka ce akwai na kaza. Mutanen nan sun riƙe ni da mutunci, ba na son in ɓata musu rai. Mene ne lechon ɗin nan, kuma na kazar ya halatta gare ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka yi dabara da ka tambaya tun kafin a ajiye maka faranti a gaba.

A ƙasar nan, duk inda ka ji an ce lechon kawai, ba a ƙara wata kalma a bayansa ba, to alade ake nufi, guda sukutum, gasasshe. Kalmar ta Sifaniyanci ce, daga sunan madara a harshensu, domin asalinta ɗan alade ne mai shan nono. Sifaniyawa sun kafa mulki a Sebu a 1565, ba su bar ƙasar ba sai 1898, shi ya sa kalmominsu suka cika ɗakin girkin Filifin. Amma kiwon alade da gasa shi sun riga zuwan Turawa, kuma har yau mutanen Sebu suna da tasu kalmar, inasal.

Na zauna a yankin nan shekaru ina harkar abinci. Ban taɓa sa shi a baki ba, amma na sha tsayawa inda ake gasa shi a Talisay, garin da ke manne da Sebu ta kudu. Tun kafin asuba ake hura gawayi. Ana wanke dabbar, a goge cikinta da gishiri, a cusa mata tafarnuwa, albasa, masoro da damin ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi, wadda suke kira tanglad. Sai a ɗinke cikin, a zura doguwar gora ta baki ta fita ta baya, a ɗora a kan garwashi. Wani yaro zai zauna a bakin gorar yana juya ta da hannu, awanni, gumi yana zuba, maigidan kuma yana ja da garwashin nan, yana tura shi can, saboda kada wuta ta fasa fatar. Duk wanda ya taɓa ganin mahaucin da ya iya gasa rago guda zai gane irin haƙurin da aikin yake buƙata. A wurinsu fata ita ce komai: ta yi ja, ta yi sheƙi, a ƙwanƙwasa ta da yatsa ta yi ƙara. In ta ɗauki lokaci a ajiye takan yi laushi, dalilin da ya sa za ka ga abokanka suna gaggawar isa wurin da zarar an sauke.

Gardamar da kake ji a bakinsu tsohuwa ce. Mutumin Sebu yana alfahari da cewa nasu ba ya buƙatar miya, kayan ƙamshin da aka cusa sun isa, in ya so ya ɗan tsoma a khal mai barkono. Yakan ci da puso, wato shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, a rataye ta a rumfa. A Manila kuwa, musamman unguwar La Loma da ke birnin Quezon, inda masu gashin suka yi layi, ba a cika cusa masa kayan yaji da yawa ba, ana dogara ne da wata miya mai kauri da zaƙi da ake kira sarsa. Ko a cikin lardin Sebu, ɗan Carcar, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin, ba zai yarda ɗan Talisay ya fi shi ba. A garin Balayan na lardin Batangas har jerin gwano ake yi da gasassun aladu ranar 24 ga Yuni kowace shekara. Ba a biki, ba a suna, ba a Kirsimeti, a gidan da ke da hali, ba tare da an kwantar da shi a tsakiyar tebur ba. Saboda haka ka fahimci gayyatar nan: mafi darajar abin da suke da shi suke son nuna maka.

Yanzu ga batun kaza. Gaskiya suka faɗa, akwai lechon manok, wato gasasshiyar kaza, akwai kuma lechon baka, na sa. Sai dai sunan kaza kaɗai bai wanke abincin ba, kuma a nan ne baƙi da yawa suke faɗawa. Miyar sarsa ɗin da na ambata, a gargajiyance da hantar alade ake yin ta, a haɗa da khal da sukari da garin burodi, kuma ita ake ƙulla wa mai sayen kaza a leda. In ta kwalba ce, karanta abin da aka rubuta a jiki. Kalmar atay tana nufin hanta. Bayan miya akwai wuta: shaguna da dama suna gasa kaza tare da liempo, tumbin alade, a murhu ɗaya, kitsen na sama yana ɗiga a kan na ƙasa. Sannan ga wuƙa da katako. Wata rana a wata rumfa na nemi kaza, ina tsaye mai shagon ya gama daddatsa alade ga wanda ya riga ni, ya share katakon da gefen wuƙar, ya jawo kazata ya ɗora a cikin man da ya kwanta a wurin. Ba da mugunta ya yi ba, bai san akwai matsala ba. Na biya kuɗin, na ba wani yaro da ke wurin, na wuce. Ya rage batun yanka, wanda malamai suka yi bayani a kansa game da yankan Ahlul Kitabi da kuma na injin masana'anta. Wannan ka kai shi gaban malamin da ka amince da shi. Ni dai a gidan da sana'arsa gasa alade ce, ba na cin kaza, kuma shawarar da zan ba ƙanina ke nan.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙaton da ke kwance a tebur ba ne, wannan ko makaho ya san da shi. Na ɓoye ne abin tsoro. Miyar wake da suke kira monggo sau da yawa ana barbaɗa mata chicharon, soyayyar fatar alade. Ana jefa gutsattsarinsa a taliyar pancit da kayan lambun pinakbet. Lumpia shanghai, wani soyayyen naɗi mai kama da samosa, da niƙaƙƙen namansa ake cika ta. Sisig daga fuskarsa da kunnensa ake yi, dinuguan kuwa da jininsa. Lechon ɗin da ya kwana, washegari a dafa shi da khal a kira shi paksiw. Ka haddace kalmomi kaɗan na harshen Tagalog, wanda harshen ƙasar ya ginu a kansa: baboy alade, manok kaza, baka sa, kambing akuya, isda kifi. Ka iya tambayar "May baboy ba ito?", wato akwai alade a ciki? Ka iya faɗin "Muslim po ako", ni Musulmi ne. Ɗan "po" ɗin nan na girmamawa ne, yana buɗe zuciyar dattijai.

Kada ka ji tsoron za su ga baƙon abu. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi sun kai kashi 6.4 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, kusan mutum miliyan 7, kuma Musulunci ya riga Sifaniyawa isa can: masallacin Shehu Karimul Makhdum a tsibirin Simunul ana danganta kafa shi da shekarar 1380. In ka je Manila, nemi unguwar Quiapo, kewayen Masallacin Zinare da aka gina a 1976, za ka ci ka ƙoshi hankali kwance. Ka nemi pastil, shinkafa da yayyagaggen naman kaza a ganyen ayaba; da piaparan na ƙabilar Musulmi ta Maranao, kaza da kwakwa da kurkum; da tiyula itum na Tausug, wata ƙabilar Musulmin, baƙin farfesun sa da ake yi da ƙonanniyar kwakwa. A Sebu ma, bayan sallar Juma'a ka tambayi 'yan kasuwar Maranao inda suke sayen nama.

Game da ranar yawon, kada ka jira sai an zauna. Tun yanzu ka ja wanda ya fi kusa da kai gefe, ka gaya masa cewa addininka ya hana ka alade da duk abin da ya taɓa shi, har miya da wuƙa, kuma ka gode masa da karamcin. In zuciyarka ta natsu da rakiyar, ka ci abincinka daga gida, ka riƙe ruwan kwakwarka. In ba ta natsu ba, ka ce za ka same su a zangon ƙarshe. Wannan zangon kuwa kai za ka zaɓa: ku tsallaka gada zuwa tsibirin Mactan, wurin masu sutukil, wato gidajen abincin kifi, inda za ka nuna ɗanyen kifin da kake so da yatsanka, a gasa wani, a yi farfesun wani. Ka roƙi a wanke wayar gashin, ko a shimfiɗa ganyen ayaba a kai kafin a ɗora naka.