Tambayi Likita: turmin ƙurya, cizon haƙora cikin barci, da maganar asuwaki

Tambayoyin wannan satin kusan duk na haƙori ne, na ɗauko uku.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada, Gombe: Likita shekarata 21, wani haƙori ne yake fito min can ƙarshen baki, dasashin wajen ya kumbura har buɗe baki ya zama aiki, abokina ya ce in ɗora asfirin a kai. Dole sai an cire?

Toh ɗana, da farko dai bar maganar asfirin ɗin nan, ƙona maka dasashi zai yi ka tashi da gyambo a kan ciwo. Haka masu sa fetur ko ruwan batir, wallahi muna ganinsu a asibiti kuma ba daɗin gani. Abin da yake fito maka turmin ƙarshe ne, guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, su ke cika haƙoran babba su zama 32, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa, wasu ma ba sa fito musu sam. Matsalar shi ne ya zo a makare bayan kowa ya kama waje, sai ya leƙo rabi, naman dasashi ya rufe rabin kamar marfi, ɗan guntun tsire ko tuwo ya shige ƙarƙashi buroshi bai kai wajen ba, ƙwayoyin cuta su samu gida. Kumburin kenan da warin da kake ji.

Yanzu ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ka dinga kuskurewa bayan cin abinci, ka sha farasitamol, amma tunda har bakin ya fara ƙin buɗuwa kar ka tsaya a kyamis, ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe a duba a ɗau hoto. In ya miƙe daidai kuma akwai fili a bar shi, ba kowanne ake cirewa ba. In ya kwanta yana tokarin na gabansa ko kumburin yana ta dawowa, cirewa ta fi. Da allurar kashe zafi ake yi. Bayan an cire ka cije audugar da aka sa maka, ranar farko ba kuskure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba sigari, don jinin da ya daskare a ramin shi ne ke rufe ƙashin, in ya fita za ka sha azabar da ta fi ta farko. In kuma zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya gangaro wuya haɗiya ta gagara, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Wata baiwar Allah daga Pantami: Likita maigidana tunda kasuwa ta tsaya yake cizon haƙora cikin barci ƙaras ƙaras har ya tashe ni, da safe ya ce kansa da muƙamuƙinsa na ciwo. Surukata ta ce tsutsar ciki ce.

Malama kin riga kin faɗi dalilin da bakinki, tunda kasuwa ta tsaya. Damuwa ba a zuciya kaɗai take zama ba, mutum ya kwanta da lissafin bashi da kuɗin makarantar yara, naman muƙamuƙi ya ɗaure ya yi ta niƙa haƙora bai sani ba. Ki sa shi ya buɗe baki a haske, sau da yawa za ki ga saman haƙoran sun lafe kamar an goge, ruwan sanyi kuma yana tsirga masa. Damuwa tana busar da baki ma, yawu kuwa shi ke wanke haƙora, tana kuma taso da ƙananan gyambon nan na cikin leɓe da ke warkewa cikin sati ɗaya zuwa biyu. A girmama Mama amma maganin tsutsa ba zai taɓa wannan ba. Akwai wata roba da muke aunawa daidai bakin mutum ya sa da dare ta kare haƙoran. Ya rage goro da shayi mai kauri da daddare, ki dinga gasa masa gefen fuska da tsumma mai ɗumi, kuma ki ja shi da hira ya amayar da abin da ke cinsa, mazanmu ba su iya faɗa ba.

Wani dattijo daga Kumo: Ni asuwaki nake yi tun ina yaro, ya isa? Kuma an ce wankin haƙori a asibiti yana sa su girgiɗa.

Baba asuwaki yana aiki ƙwarai, a ci gaba, sai dai a haɗa da buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, minti biyu da safe minti biyu kafin kwanciya, a canza buroshin duk wata uku. Gawayi da toka kankare haƙori suke. Wankin kuwa ba ya girgiɗa komai, dattin da ya daskare kamar dutse ne ya riga ya cinye dasashin, in an cire shi sai ɓarnar ta bayyana. Ku zo ko sau ɗaya ne a shekara, ko ba inda ke ciwo.