Tabarau ya yi tsada, ko in saya a kasuwa?

Tambaya: Shekarata 46, ɗinki nake yi a Zariya. Tun bara zura zare a allura ya gagare ni, saƙon waya ma sai na nisanta ta nake iya karantawa. Na je shagon tabarau, kuɗin da aka yanka mini ya fi ƙarfina. Shin in sayi na kasuwa kawai?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta yana samun kusan kowa daga shekara 40 zuwa 45. Madubin da ke cikin ƙwayar ido ne yake taurin da ba ya iya lanƙwasawa ya kama abu na kusa. Maganinsa tabarau na karatu, kuma yana cikin mafi araha a duk harkar ido. Mai shekarunki yakan buƙaci gilashi mai lambar ƙarfi +1.00 zuwa +1.50, lambar ta riƙa hawa har wajen +2.50 idan an kusa 60. Saboda haka kada ki zuba kuɗi a firam mai tsada, nan da shekara biyu ko uku za ki sake gilashin.

Yawancin kuɗin da aka yanka miki na firam ne da ƙarin kwalliya, irin gilashin da ke yin duhu a rana. Mai ɗinki a ɗaki ba ta buƙatar wannan. Na kasuwa ba ya lalata ido, in dai idanuwan biyu ƙarfinsu ɗaya kuma kina ganin nesa garau. Ki tafi da allurarki da zare, ki gwada a daidai nisan da kike aiki, ki ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta ishe ki.

Amma inda nake roƙonki kada ki yi rowa shi ne awon ido. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ta fi makantar da masu shekara 40 zuwa sama, sai gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido. Yanar ido kam ana cire ta da tiyata, gani ya dawo. Gilakoma kuwa yawanci ba zafi, ba ja, tana cin jijiyar gani daga gefe a hankali, kuma abin da ta ci ya tafi ke nan. Ba abin da ke ci mini rai kamar dattijon da jikansa ya riƙo wa sanda zuwa ɗakin awo, aljihunsa da tabarau uku na kasuwa, jijiyar ta riga ta mutu. Wanda aka gano da wuri, maganin ɗigawa irin timolol yakan riƙe masa ganinsa, ko da yake sayensa na kowane wata ne har ƙarshen rayuwa.

Kaduna ba nisa daga gare ki, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a can, a Kano kuma akwai asibitin ido na ECWA. Ki ce a auna miki matsin ido, a duba jijiyar, sannan ki karɓi takardar lambarki ki sayi tabarau inda ya fi miki sauƙi. Idan kina da ciwon suga, ko wani a gidanku ya makance ba a san dalili ba, awon nan duk shekara ne.