Ku Tambaya Mu Amsa: wai wa ake ce ma eminent a Ingilishi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a lise nan Tawa, bana zan yi bak in sha Allah. Mushenmu na Ingilishi ya ba mu aiki mu yi rubutu kan wani babban mutum, ni kuma na ɗauki wani ɗan kokowa na ce masa eminent, sai ya ja jan biro ƙarƙashi wai ba nan ake sa ta ba. Kuma rannan yayana da ke fatauci Sakkwato ya gwada min katin gayyata an sa His Eminence gaban sunan Sarkin Musulmi. Don Allah mi kalmar ga take nufi, mi ya raba ta da famous?
Ƙanwarku daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar bak. Toh gaskiya mushenku bai cuce ki ba, duk da na san jan biron nan akwai ciwo. Kalmar ma ai ba baƙuwa ba ce gare ki, ita ce dai éminent ɗin da kika sani a Faransanci, dukansu daga Latin suka samo ta, eminere, wato abu ya taso ya ɗara na kewaye da shi. A Ingilishin yau kusan kullum mutum ake jingina ma ta, wanda ya yi fice cikin ilimi ko aikinsa har ƴan uwansa masu wannan aikin suka sallama masa.

To nan ne ta rabu da famous. Famous kowa ya san ka ne kawai, ko da mi aka san ka. Ɗan kokowa da ya ɗauki takobi ai duk Nijar ta san shi, yara na kiran sunansa a titi, makaɗa na yi masa kirari, ana gardamarsa a fada har shayi ya huce, wannan famous ne, ko ki ce great wrestler, ba mai ja miki biro. Amma ɗauki Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa a 1929, ya rasu 1991, masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga bincike kan makamashin rana tun lokacin da ba kowa ya damu da sola ba. Yau tsayar da masu kabu-kabu da ke sauke ɗalibai ƙofar jami'ar ki tambaye su mi ya yi, da yawa sai dai su ce ai sunan makarantar ne, amma masana sun san darajarsa. Shi ne an eminent scientist cikakke. Don haka za ki riƙa ganin kalmar tana tafiya da scholar, historian, lawyer, surgeon da ire-irensu, akwai nauyi da dattako cikinta. Ba wai nahawu ya hana a ce ma ɗan kokowa haka ba fa, sai dai a kunnen mai harshen kamar a sa masa alkyabba ne a tura shi cikin fili. In aikin za ki sake, ko ki canja kalmar ko ki canja mutumin.

Kuma ba a sa ta ga mugun suna sam. Ɓarawon da gari duka ya sani notorious ne.

Zancen katin yayanki kuwa, His Eminence laƙabi ne, asalinsa na kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Katolika, Paparoma Urban na 8 ya tabbatar musu da shi a 1630. A Najeriya da shi ake kiran Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na 3 in ana rubutu da Ingilishi, inda mu muke cewa Mai Alfarma, sauran sarakuna irin na Kano da Katsina kuma His Royal Highness, Mai Martaba kenan. Shugaban ƙasa da jakada His Excellency. Kar dai neman girmamawa ya sa ki rubuta ma darektan makaranta Your Eminence a takardar roƙo, dariya zai yi. A labaran siyasa kuma za ki ji eminent persons, manyan dattawa da ake aikawa sulhu, kamar tawagar da ƙungiyar Commonwealth ta tura Afirka ta Kudu a 1986 zamanin wariyar launin fata, Olusegun Obasanjo da Malcolm Fraser na Ostareliya suka ja ta.

Yanzu ga tarkon da ke kama ƴan jarrabawa, eminent da imminent. Ta biyun mai i da m biyu nufinta abin da ke gab da faruwa, hadari ya haɗo gabas ya yi baƙi iska ta fara kaɗa ledoji sai ki ce the rain is imminent. A Faransanci ma dukansu biyu akwai su, sai dai a Ingilishi ba a ɗora ma e komi a kai, kuma gaɓar farko ake danna wa, E-mi-nant, ba ta ƙarshe ba yadda bakinmu ya saba. Tunda da wasali eminent ta fara, kalmar an ta Ingilishi ake sa mata a gaba, an eminent judge.

Sai eminently, ita ba ruwanta da manyan mutane, sosai take nufi, eminently qualified wato ya cancanta ƙwarai da gaske. Sannan in kin ci karo da eminent domain a labaran Amurka wannan maganar shari'a ce, ikon gwamnati ta karɓi fili ko gidan mutum don aikin jama'a kamar hanya ko gada ta biya shi diyya, abin da ma'aikatanmu nan ke kira expropriation.