Tambaya da Amsa: Wai har masu haƙar yumɓu ma ƙungiya gare su?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni bakanike ne, wani ɗan'uwana ya kawo min buhun wata ƙasa mai tsaki-tsaki, in baƙin mai ya zube a gareji ana barbaɗa ta sai ta shanye shi tas. Ya ce wai a Amurka masu haƙo ta har ƙungiya gare su. Da gaske ne? Me take tsinana musu? Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ɗan'uwanka bai yi ƙarya ba, sunanta Sorptive Minerals Institute, an kafa ta a 1970, kamfanonin da ke haƙo yumɓu mai tsotse ruwa da mai suna sarrafa shi su ne membobinta.

Sana'ar kam ta girmi ƙungiyar, kuma a irin wurin aikinku ta fara kafuwa. Da can garin katako ake zubawa a kan mai, shi kuwa ga saurin kama wuta, sai aka koma ga gasasshen yumɓu. A 1947 wani Ed Lowe a jihar Mishigan ya fara sayar da shi don a zuba wa kyanwa ta yi bayan gida a ciki, kasuwa ta buɗe sosai, yau kuma da shi ake tace man girki, ana sa shi a abincin dabbobi don ya kama gubar nan da ke fitowa a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, masu haƙar rijiyar burtsatse ma suna aiki da wani nau'insa.

To me ya haɗa su alhali kishiyoyin juna ne a kasuwa? Matsalar da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Babba a ciki ita ce ƙura, domin yumɓun kan zo da ɓurɓushin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, wanda in an daɗe ana shaƙa yana lalata huhu, har hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin masu jawo cutar a 1997. Sai su haɗa kuɗi a yi bincike, in gwamnati za ta kafa doka su je da murya ɗaya da hujja a hannu.

Ga abin da ke ci min rai wallahi. Sanagal tana haƙo irin wannan yumɓu tana turawa Turai, mu ma nan arewacin Kamaru ga ƙasar karal da ake noman dawar muskuwari a kanta, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana da dangantaka da shi, sai dai ba kowane yumɓu ne ke shiga kasuwa ba sai an kai shi awo. Wa zai biya kuɗin awon? Mai jaki ɗaya da diga ba zai iya ba, amma in masu haƙa suka yi rajistar GIC, wato ƙungiyar haɗin kan masu sana'a, wadda dokar Kamaru ta 1992 ta ba da dama, za su iya, kuma su tsayar da farashi dillali ya daina yi musu wulaƙanci.

Kai kuma don Allah in za ka share ka rufe hanci, yaran gareji ma haka, kuma yumɓun da ya sha mai kar a zubar da shi kusa da rijiya ko bakin Binuwai.